Kunyar Cikin Fari

Sai da Taufiq ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya gaji da kallon labule, sannan aka turo masa matarsa. Gidan surukinsa Alhaji Lawan na Nassarawa GRA babba ne, ga mangwaro ga filin ajiye motoci, amma shi iyakarsa ƙaramin falon baƙi. Tun da cikin Nabiha ya shiga wata bakwai aka ɗauke ta goyon ciki gidan iyayenta, yadda ake yi wa mai cikin fari. Shi kuma ya koma baƙo, ganin matarsa sai Juma'a bayan la'asar.

Ta shigo tana dafa bango, da silifas ɗin babanta a ƙafa.

"Ikon Allah! Takalmin Alhaji kika sato?"

"Nawa sun ƙi shiga, duka." Ta zauna da ƙyar. "Filis, Yaya, ban da dariya."

Bai yi dariyar ba. Fuskarta yake kallo, ta yi suntum, idanun sun shige. Zoben da ya saya mata ya nutse cikin yatsa kamar an ɗaure da zare.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

"Kullum da sauƙi. Faɗa mini gaskiya."

Ta lissafa masa tana wasa da bakin mayafi: ƙwannafi, ciwon baya, fitsari kamar an kunce famfo, ƙafa na ɗaurewa in ta miƙe. Waɗannan duk ya san su, an faɗa musu a wurin awo cewa haka tsohon ciki yake. Sannan ta rage murya.

"Sai kaina. Yau kwana uku. Kuma ina ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idona."

"Me suka ce a awo?"

Ta kau da kai.

"Nabiha!"

"Sau biyu ke nan ban je ba—Gwaggo ta hana."

Labule ya ɗaga kamar dama jira ake. Gwaggo Bilkisu ce, yayar Alhaji, wadda ta taso daga unguwar Gama da jakarta da ƙullin saiwoyinta don ta riƙe cikin nan. Taufiq ya zame daga kujera ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce a hankali, "Gwaggo, kumburin nan ne nake..."

"Kumburi? Namiji ne a ciki! Tara na haifa, duk na mazan sai da na tashi kamar fanke. Ga kunun kanwa ina ba ta, ga jiƙon maganin zaƙi safe da yamma. Me ya rage?"

"Awon ne, Gwaggo."

"Ciki ya tsufa a riƙa yawo da shi a titi, kowa na zuba masa ido? Kai ko kunya ba ka ji, kana zancen cikin matarka a gaban surukai? Ke, tashi, mai ciki ba ta dogon zama."

Ya fito ya zauna a mota, bai tayar ba. Ya lalubo lambar Sista Loretta, nas ɗin nan 'yar Zariya da ke duba Nabiha tun farkon cikin, ya zayyana mata komai.

"Ƙafa kaɗai ba ta tsorata ni," in ji ta. "Amma fuska da hannu, ga ciwon kai, ga ƙyalli a ido? Malam Taufiq, jininta ne ya hau. Kawo ta yanzu. Ban ce gobe ba. In jijjiga ta kama ta, za mu iya rasa su duka biyun."

Ya kashe wayar. Alhaji yana Abuja, wayarsa a rufe. Ya dubi ƙofar cikin gida, wadda tun da ya fara neman aure bai taɓa taka ta ba. Ya cire takalmi, ya yi sallama da ƙarfi sau uku, ya shiga.

Hajiya, mahaifiyar Nabiha, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta zabura ta jawo mayafi. Ita dai Nabiha 'yar fari ce, Hajiya ba ta kiran sunanta, ba ta zama da ita, abinci ma sai dai ta aika. Tun da aka kawo ta da cikin nan ta bar wa Gwaggo komai, ko haɗa ido ba sa yi.

Taufiq ya zube a ƙasa. "Mama, ki gafarce ni, na san na yi laifi. Abu ɗaya nake roƙo. Ki dubi fuskarta—sau ɗaya kawai."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta fito tana tafa hannu. "Har tsakar gida? Yau na ga ɗan boko!"

Nabiha na tsaye bakin ƙofar ɗaki, ta riƙe kai da hannu biyu, hawaye na zuba. Hajiya ta ɗaga ido ta dube ta. Ta daɗe tana kallo. Farantin shinkafar ya zame daga cinyarta.

"Ɗauko hijabinki," ta ce. "Ni ma ina zuwa."

"To ka ji da kyau!" Gwaggo ta bi su har mota. "In ka fita da ita, ni da kai har abada. Kuma wallahi sai ka ga mai mayar maka da ita gidanka, mara kunya!"

A asibiti aka auna jinin, aka sake aunawa, Sista Loretta ta ruga da gudu ta kira likita. Aka yi allurai, aka sa ruwa. Washegari da hantsi aka shiga da ita tiyata. Mace aka ciro, 'yar mitsitsiya, ta yi kwana tara a kwalbar jarirai. Likita ya ce wa Hajiya da an ƙara kwana ɗaya a gida, da wani zancen ake yi.

Wannan bai wanke Taufiq ba. Gwaggo ta riga kowa kai wa Alhaji labari, kuma Alhaji ba ya musu da yayarsa. Aka sallamo Nabiha ta koma gida jego, aka yi suna, dangi na nuna shi da baki: ga wanda ya kutsa wa surukarsa tsakar gida. Duk Juma'a zai zo ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ta juya masa ƙeya. Ya kawo goro, ta ce haƙoranta sun daina. Aka yi arba'in, ta ce mai tiyata sai ta yi sittin. Aka yi sittin, ta ce ba ta ga alama ba.

"Yaya, na gaji," Nabiha na kuka a waya. "Ka zo ka ɗauke ni kawai!"

"Sau ɗaya na tsallake su, don ranki ne. Ba zan sake don son raina ba. Yi haƙuri."

Ran wata Juma'a ya tarar da Gwaggo a bakin get, da mayafi da jaka.

"Malam Taufiq, motar taka da mai?"

Ya waiga ko da wani take. "Akwai, Gwaggo."

"Gama za ka kai ni. Luba ce, autata, cikinta wata takwas. An ce fuskarta ta tashi, kanta na sarawa." Ta buɗe gidan gaba ta shige. "Daga can wurin nas ɗin nan taku. Ka taka mota mana, kana tafiya kamar mai tallan ƙwai!"

A Gama ta wanke dangin mijin Luba tas. Wane irin jahilci ne, in ji ta, a zauna da mai ciki a ɗaki ba awo? Taufiq na tsaye da makulli a hannu, bai ko ɗaga kai ba. Aka kai Luba, aka ba ta gado, aka ce an zo da wuri.

A hanyar dawowa Gwaggo ta ɓare goro tana tauna, tana kallon taga. Haƙuri dai ba ta ba shi ba, ba ta kuma taɓa ba shi ba har yau. Sai da suka iso get ta ce, "Gobe ka zo ka kwashi iyalinka. 'Yar nan taku ta ishe ni da kuka."

Kunya abu ne mai kyau, mu ma da ita aka raine mu. Amma ba a kai ta inda rai yake. Mai ciki in ta ji abin da ba ta gane ba, ta buɗe baki ta faɗa, na kusa da ita kuma su dube ta da ido, su kai ta inda za a auna. Wanda kuma ya ɓata wa manya don ya ceci rai, ya koma ya durƙusa ya jira. Suna saukowa, ko da ba su ce sun sauko ba.