Zoben da Ya Tafi Labanon

"Wannan kwalin na waye?"

Muryar Mama ce ta ratsa zauren cocin, nan take ƙarar salatif ta tsaya cak. Matan da ke jere a teburin duk suka ɗago kai.

Na san kwalin. Ni na haɗa shi da hannuna, na cusa shi a tsakiyar sauran ina fatan idon Mama ya tsallake shi. Wauta kenan! Concepta Tierney da ta shekara ashirin tana haɗa wa sojojin garinmu Athlone da ke aiki a ƙasar waje kwalayen saƙo, ko safa ɗaya aka sauya wa wuri sai ta gane.

"Nawa ne, Mama."

"Na ga rubutunki ai, ba makauniya ba ce ni. Wa za a kai wa?"

"Fintan..."

Ta sa wuƙa ta farke salatif ɗin, ta zaro sabulu da hannu ɗaya, ganyen shayi da ɗayan, ta ɗaga su sama kowa ya gani.

"Sabulu a jikin shayi! Kafin ya isa Labanon shayin nan ya zama ruwan wanki. Kwali ma ba ki iya haɗawa ba, shi ne za ki iya auren soja?"

"Haba Concepta, a gaban mutane?" in ji Anti Attracta, maƙwabciyarmu, wadda ɗanta Malachy ke rukuni ɗaya da Fintan. "Ke lokacin naki an haife ki da iyawa ne?"

"Attracta, ki ji da biskit ɗinki!" Mama ta juyo kaina, muryarta ta yi ƙasa, wanda ya fi tsawar ban tsoro. "Babu abin da zai fita daga zauren nan da sunan yaron nan. Kwali alkawari ne, Nuala. Ranar da kika aika na farko, kin fara jira kenan... kuma ni na san jira."

Na rungumi kwalina na fita, hawaye na zuba a kan murfinsa.

Kar ku ga laifin Mamata. Ina 'yar shekara shida Babana Eamon ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon, motarsu ta taka nakiya a hanyar ɗebo ruwa. Kwalin ƙarshe da Mama ta aika masa ya dawo mata a rufe, salatif ɗin ko ɓantarewa bai yi ba. Har yau yana saman durowar ɗakinta, duk Asabar sai ta goge shi.

Da wata macen ce, da ta tsani duk abin da ya shafi bariki. Ita kuwa sai ta tattara matan unguwa, ta roƙi limamin coci ya ba su zaure, ta kafa doka ɗaya tak: babu sojan garin nan da zai zauna a ƙasar wasu yana kallon 'yan uwansa na buɗe saƙo shi hannu rabbana. Ruwa ko ƙanƙara, tana can tana naɗe safa, tana jera shayi da soyayyen dankali na leda da jaridar gari. Ban taɓa ganin mace mai zuciya irin tata ba, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba.

Dokarta ta biyu a gida take, kuma a kaina ta faɗa: 'yarta ba za ta auri soja ba.

Ni kuma zuciya ba ta da ƙashi. A bakin kogin Shannon na haɗu da Fintan Geraghty yana ƙoƙarin ciro karen wata tsohuwa daga taɓo, ya yi dumu-dumu har gira, yana ta bai wa karen haƙuri. Ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle. Kafin ya tafi Labanon ya tambaye ni ko zan aure shi, na ce masa ina sonsa kamar raina, amma ba zan taka Mama in wuce ba.

Da yammar ranar da Mama ta farke kwalin Fintan ya kira, na kwashe komai na faɗa masa ina shessheƙa.

"Gobe da kaina zan je gidan waya in aika maka, ba sai ta sani ba!"

"A'a, rabin raina."

"Fintan, kai kaɗai ne fa ba ka da..."

"Na ce a'a. Kar ki aiko min da ko tsinke a bayan idonta." Ya ci gaba da cewa, "Ni a gidan marayu na tashi, Nuala. Na san yadda rashin uwa yake. Ba zan fara shiga gidanku ta hanyar raba ki da taki ba."

"To in ba ta taɓa yarda ba fa?"

"Sai in yi ta jira. Ai jira aikinmu ne, duk yini dutse muke kallo a nan." Ya yi dariya don in yi, amma na kasa.

Haka kwalayen Satumba suka tafi babu nasa. Ni da Mama muka koma kamar baƙi a gida ɗaya, daga "ga shayi" sai "na gode".

Ana cikin haka wata safiya Anti Attracta ta faɗo kicin ɗinmu ko ƙwanƙwasawa babu, kamar yadda ta saba, ta ja kujera ta zuba wa kanta shayi.

"Malachy ya kira jiya. Ya ce a gode miki, dankalin ya iso lafiya, ya cinye shi a zama ɗaya. Wannan yaro ciki kamar rijiya!"

"Allah ya dawo da shi lafiya," in ji Mama tana goge faranti.

"Amin. Kin san me ya ba ni labari? Wai akwai wani yaro a cikinsu, duk ranar da motar saƙo ta iso sai ya karɓi gadin wani ya haye hasumiya. Ya ce wa mai gadin, sauka ka je ka buɗe naka tun da zafinsa."

"Yaron kirki. Nasa kwalin fa?"

"Ba shi da shi. Shi ya sa yake hawa, don kar su ji kunyar buɗe nasu a gabansa."

Mama ta dangwarar da farantin. "Me kika ce? Ɗan garin nan? Ya aka yi muka tsallake shi? Wane ne? Ki ba ni sunansa yanzun nan!"

Anti Attracta ta kurɓi shayinta a hankali, ta dube ta ta saman tabarau.

"Ba tsallake shi muka yi ba, Concepta. Ke kika cire shi da hannunki."

Na ga fuskar Mama ta sauya. Ta ajiye tsumman ta haye sama, na ji ƙofar ɗakinta ta rufe. Duk da haushinta da nake ji, sai tausayinta ya kama ni har na ji kamar in bi ta in rungume ta.

Ba ta ƙara tayar da zancen ba. Da Oktoba ta kama, lokacin burodin zabibi ya zo, wanda muke kira brack. Mama ta jiƙa zabibi a baƙin shayi ya kwana, washegari gidan ya cika da ƙamshi. Kamar kowace shekara, a kowane burodi takan naɗe ɗan zoben gwangwani a takarda ta cusa, don duk wanda ya ci karo da shi a yankansa an ce aurensa ya kusa. Sojoji na son wannan wasa fiye da burodin kansa.

Ina wanke kwanuka na ga ta ware guda ɗaya, ta naɗe shi a tsumma mai kyau, ta ɗauko sabon kwali ta rubuta suna da manyan baƙi.

Fintan Geraghty.

"Mama!"

"Kar ki wani Mama da ni. Soja ne ɗan garin nan, doka ce kawai na bi. Ba na ce na yarda ba ne."

"Na gode, Mama... na gode..."

"Matsa min, kina jiƙa min kwali!"

Sai bayan motar bariki ta kwashe kwalayen na lura da hannunta na hagu. Inda zoben aurenta yake zama, wanda ko a asibiti ta ƙi yarda a cire, babu komai sai wani farin zane a fata.

"Mama, ina zobenki?"

"Na cire saboda kwaɓi."

"Ai an gama kwaɓi tun shekaranjiya."

"Yana nan inda na ajiye shi. Ke 'yar sanda ce?"

Ranar bikin ƙarshen Oktoba da ake yanka burodin, da rana tsaka, wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Mama na gefen murhu tana feraye dankali, ta juya min baya kamar ba ta ji.

Fuskar Fintan ta bayyana, rana ta ƙona shi, idanunsa sun yi ja. Kwalin na gabansa a buɗe, ƙartin rukuninsu sun kewaye shi suna ihu.

"Nuala, kin gani? Da sunana! Tun da nake ba a taɓa rubuta sunana a jikin kwali ba..." Ya shafa murfin kwalin. "Misis Tierney suna kusa? Ina son in yi musu godiya."

"Ka ce masa ya ci abinsa shi kaɗai," in ji Mama ba tare da ta juyo ba.

"Ai ya riga ya yanka, Mama. Ya raba wa kowa."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. "Ya yi me?!"

Kafin in ba ta amsa, sai muka ji wani ihu daga wayar. Malachy ne, ya dafe kunci yana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Wayyo haƙorina! Na mutu! Anti Concepta, dutse kika sa mana?" Ya tofo wata 'yar takarda a tafin hannu ya warware. "Zobe! Ni na samu! Jama'a, aure ya zo, a faɗa wa 'yan matan Athlone su yi layi!"

Mama ta fizge wayar daga hannuna.

"Malachy Devaney! In ka haɗiye zoben nan sai na zo Labanon da kaina na farke ka! Miƙa wa mai shi, sakarai, ciki ba ya ƙoshi!"

Dariyar ta ɗauke a hankali. Malachy ya ƙura wa abin ido, ya goge shi a riga, ya miƙa wa Fintan da hannu biyu.

"Ɗan uwa... wannan ba gwangwani ba ne."

Zinariya ce, siririya, ta sha hannu har ta lotsa a gefe. Na toshe bakina. Zoben da Baba ya sa mata ne, shi ta danƙa wa jirgi da mota da hannun mutanen da ba ta sani ba.

"Misis Tierney..." Fintan ya kasa ƙarasawa.

"Saurara da kyau, yaro, don sau ɗaya zan faɗa." Hawaye na bin kuncin Mama amma muryarta a tsaye take. "Na ce ka ci kai kaɗai ka raba wa mutum goma. Haka Eamon yake, bai taɓa jin magana ba. Zoben nan ba kyauta na ba ka ba, aro ne. Kwali ɗaya ya taɓa dawo min a rufe, ba zan ga na biyu ba. Ka dawo min da shi da ƙafarka, ka shigo kicin ɗin nan, ka sa mata a gabana. Ka ji ni?"

"Na ji... na ji, Mama."

Ba ta gyara masa ba. Ta miƙo min wayar, ta koma kan dankalinta tana share ido da gefen hannu, tana mita wai hayaƙin murhu ne. Ni da Fintan muka tsaya muna kallon juna muna kuka, ƙartin nan kuwa suka ɓarke da tafi kamar za su tsaga rufin.

Ranar Asabar a zauren coci, ina can ƙarshen tebur ina yanka salatif kamar kullum, sai na ji an turo min wani abu. Kwali ne sabo fil, babu komai a ciki.

Mama ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta naɗe hannun riga.

"Matso nan in koya miki, tunda kin zaɓi jira," ta ce. "Sabulu a cikin safa ake sa shi. Shayi kuma can gefe."