Babu Saƙo, Baba

Ranar Juma'a da la'asar aka bugo wa Sufeto Ɓoɓɓo waya cewa an tsinci gawar Alhaji Badamasi a gindin matakalar ofishinsa, a unguwar Hausawa ta New Bell da ke Douala, a Kamaru. Motar komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba ta da mai, kamar yadda ta saba, don haka ya tare benskin, wato ɗan acaɓa, ya ɗare baya suka kutsa cikin cunkoso.

Kafin ya isa, mutanen unguwa sun riga sun gama nasu binciken. Sun kama wani dattijo mai suna Hayatu, sun yaga masa riga, sun fasa masa leɓe. Ba don limamin layin ya tsaya a gabansa ba, da gawa biyu Sufeto zai tarar. Laifin dattijon a wurinsu shi ne an gan shi ya hau bene wurin Alhaji da hantsi, an ji Alhaji yana ɗaga murya, sannan kuma daga Bamenda ya zo. A shekarun nan da rikicin yankin masu Ingilishi, inda Bamenda take, ya yi ƙamari, na ƙarshen nan kaɗai ya isa a rufe mutum da duka.

Sufeto ya durƙusa kan gawar. Ƙeya ce ta bugu da siminti. Hular tana can gefe, kuma babbar rigar ta ɓarke a kafaɗa, irin ɓarkewar da ake samu idan an fizgi mutum. Wannan ba zamewa ba ce.

Wanda ya fara ganin gawar shi ne Abdurrazak, ɗan ƙanin marigayin. Maraya ne da Alhaji ya riƙa tun yana ƙarami, ya sa shi makarantar Faransanci, ya kuma damƙa masa ofishin da suke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Ko a wannan hali rigarsa a goge take, alƙalumansa a jere a aljihu. Ya ce shi tun safe yana Grand Hangar, can Bonabéri a ƙetaren gada, wurin duba wata mota, dawowarsa ke nan ya tarar da abin da ya tarar.

"Ka san dattijon nan da suka kama?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Shef. Amma irinsu yanzu sun cika gari."

A komisariya, komiser, shugaban ofishin, bai ɓata lokaci ba. Ya ce baƙo daga yankin rikici, ga gawar babban mutum, wannan ba aikinsu ba ne, na sojoji ne, kuma gobe da yamma za su zo su ɗauke shi. Sufeto ya san ma'anar haka sarai. Wanda aka tafi da shi da sunan ɗan tawaye, iyalinsa kan yi shekaru suna yawon tambaya. Ya roƙi a bar masa mutumin zuwa goben, komiser ya ɗaga kafaɗa.

Hayatu mahauci ne a unguwar Hausawa ta Bamenda. Ya ce an ƙona rumfunansu, shi ya sa ya kwaso ƙafa ya nufo Douala wurin 'yarsa. Da zai taho, maƙwabcinsa Idirisu ya roƙe shi ya biya ta wurin mahaifinsa.

"Wane ne mahaifin nasa?"

"Alhaji Badamasi mana, ranka ya daɗe. Shi kaɗai ne ɗansa."

Labarin da ya bayar shi ne, shekarun baya Idirisu ya ƙi zaman ofis, ya tafi Bamenda koyarwa ba da yardar uban ba. Alhaji ya yi fushi ya ce kada ya kuskura ya kira shi a waya, ba ya son jin muryarsa. In ya san ya yi laifi, ya rubuto a rubuce. To Idirisu ya rubuto. Kowace Juma'a sai ya aika imel zuwa akwatin ofis, ko ana harbi ko ba a yi, in dai akwai layi. Bai taɓa samun amsa ba, har ya haƙura, ya ɗauka cewa uban yana karantawa ne yana yin shiru.

"Da ka gaya wa Alhaji haka, me ya ce?"

"Ya daka mini tsawa ya ce ƙarya nake yi. Sai kuma ya zauna. Ya ce in tafi, in dawo bayan la'asar. Dawowar da na yi ce aka kama ni."

Sufeto ya karɓi lambar Idirisu ya gwada. Layin can a yanke yake, kamar yadda yakan yi kwana da kwanaki. Ba shi da komai a hannu sai maganar mutumin da ake tuhuma.

Washegari da safe aka yi jana'iza. Daga maƙabarta Sufeto ya ce Abdurrazak ya buɗe masa ofis, aka kuma kira Latifa, magatakardar da ke buga musu takardu. Abdurrazak da kansa ya kunna kwamfuta, ya juya ta wajen Sufeto.

Akwatin saƙon fes yake. Ba ko guda da ba a karanta ba. Na kwastan a jakarsu, na masu jiragen ruwa a tasu, na 'yan kasuwar Garoua a tasu. Abdurrazak ya rubuta sunan Idirisu a gurbin nema, ya danna, ba abin da ya fito.

"Wala, ka gani, Shef. Da ya taɓa rubutowa, da ga shi nan. Ni ba na jefar da abu mai amfani."

Sufeto ya yaba masa da tsafta, kuma har cikin ransa ya yaba. Shi tasa wayar kullum kuka take ta cika, saƙonnin da bai buɗe ba sun yi tsibi, matarsa ta yi faɗan har ta gaji. Amma aikin ɗan sanda ya koya masa cewa ɗakin da aka share da yawa, shi ne yake son ya leƙa ƙarƙashin gadonsa. Ya ce Abdurrazak ya koma wurin zaman makoki, mutane suna jiransa, shi zai ɗan yi wa Latifa tambayoyi ne kawai.

Latifa ta zauna a bakin kujera, ta ƙanƙame jakarta. Ta ce ita ranar Juma'a da rana tsaka take tashi, ba ta ga kowa ba, ba ta kuma taɓa jin wani Idirisu ba.

"Kina aiki a ɗakin nan kullum, ba ki taɓa jin sunan ɗan mai gidan ba?"

Sufeto ya gaya mata a fili cewa akwai tsoho a kulle da za a miƙa wa sojoji kafin magariba, kuma in ya tafi ba zai dawo ba. Nan idonta ya ciko. Ta ce tsoro take ji, yanzu aikinta a hannun Abdurrazak yake.

Ta ce idon Alhaji ya yi yana, ba ya iya karatu, bai ma san inda ake kunna kwamfuta ba. Kowace safiya Abdurrazak ne ke karanta masa saƙonni. Kuma kowace safiya, kafin ya zauna, kafin ya sha shayi, tambayarsa ɗaya ce: akwai saƙon Idirisu? Abdurrazak ya ce, "Babu saƙo, Baba." Alhaji ya ce to, a karanta na kwastan.

Sufeto ya tambayi wa ke iya shiga akwatin. Ta ce a kwamfutar nan kaɗai ake buɗe shi, domin in an gwada a wani wuri, wayar Alhaji ce ke karɓar lambar sirri, wayar kuma ba ta barin aljihunsa. Ita an hana ta share komai. Tallace-tallace da tarkace kansu suke faɗawa kwandon shara, korbel kamar yadda suke ce masa, Abdurrazak kuma ya zubar da shi da yamma in za su tashi. Jiya da ta bar ofis, kwandon cike yake da na safiya.

"Buɗe mini shi."

Ta buɗe. Na safiyar Juma'a babu ko ɗaya. Mafi tsufa a ciki wata tallar inshora ce da ta shigo ƙarfe biyu da 'yan mintuna, bayan an sauko daga masallaci. Ke nan wani ya zauna a kujerar nan ya zubar da kwandon a daidai lokacin da Latifa take gida, Alhaji ba ya gani, Abdurrazak kuma wai yana ƙetaren gada.

Sai idon Sufeto ya kai kan na sama. Wannan ba talla ba ce. Da safiyar nan ya shigo, lokacin da ake haƙa kabari, kuma ba a buɗe shi ba. Sunan mai aikowa Idirisu Badamasi.

Latifa ta toshe baki da mayafi. Sufeto ya tambaye ta yaya saƙon mutum zai wuce akwati ya faɗa shara ba wanda ya taɓa shi. Ta ce filtir ne, wato umarnin da ake ba akwatin tun farko: duk abin da ya fito daga wane, a kai shi wuri kaza. Ta nuna masa inda suke. Suna nan a jere, tsaf, na kwastan, na jiragen ruwa, na masu talla. A tsakiyarsu akwai guda mai adireshin Idirisu, umarninsa kuwa a share.

Sufeto ya aika aka kira Abdurrazak. Ya shigo da carbi a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka ce Idirisu bai taɓa rubutowa ba."

"Haka ne, Shef."

"To mutumin da bai taɓa rubutowa ba, ina ka samo adireshinsa har ka hana shi shiga?"

Abdurrazak ya dubi kwamfutar, ya dubi Latifa. Ya ce wataƙila ita ce ta yi, ai ita ma tana taɓawa. Sufeto ya ce to, ita ce kuma ta dawo jiya bayan Juma'a ta zubar da kwandon? Akwai mutanen gidansu da za su shaida tana gida. Shi fa, wa ya gan shi a Grand Hangar? Wace mota ce, wane direba? Ya faɗi suna, yanzu a kira.

Babu suna. Carbin ya tsaya cak a hannunsa.

Ya zauna a kujerar baƙi, ya yi magana cikin sanyin murya, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ya ce saƙon farko da ya zo, ya share shi ne da niyyar sai fushin Baba ya huce. Na biyu ya fi sauƙi. Daga baya ya gaji da ganin sunan, ya sa filtir, har ya manta akwai shi. Jiya Alhaji ya kira shi ya dawo ofis, ya ce zai sauka ya nemo wani daga waje ya duba masa akwatin a gabansa. Saƙon wannan Juma'ar kuwa yana cikin kwando.

"Na riƙe rigarsa ne kawai, Shef. Na ce ya tsaya mu yi magana. Ya fizge, ni ma na fizga, sai na sake shi."

"Ka sauka ka duba shi?"

"A'a."

"Me ka yi?"

"Na koma na zubar da korbel."

Sufeto ya ga masu kisa iri-iri, amma wannan amsar ta ƙona masa rai fiye da jini.

"Ni na yi masa komai," in ji Abdurrazak. "Ni ke kai shi asibiti, ni ke tsayawa a kwastan cikin rana. Bai taɓa shigowa ya ce Abdurrazak ka kwana lafiya ba. Idirisu, Idirisu, kullum."

"Shi kuma tsohon da ka bari za a tafi da shi yau?"

Aka sa wa Abdurrazak ankwa. Da za a sauka da shi, sai ya raɓe jikin bango, ya ƙi taka wurin da gawar ta kwanta. Mutanen da suka fasa wa Hayatu leɓe jiya suna zaune a tabarmin makoki, suka bi shi da kallo.

Kafin la'asar komiser ya buga wa sojoji waya cewa ba sai sun zo ba. Sufeto ya fito da Hayatu da kansa, ya kawo shi ofishin, domin ya ga ya cancanci ya ji da kunnensa. Ya sa Latifa ta fitar da saƙon daga shara ta mayar da shi akwati, sannan ta karanta. Da Hausa aka rubuta shi, gajere ne.

"Baba, ina kwana. Yau layi ya dawo, shi ya sa na sake rubutowa ban jira Juma'a ba. Malam Hayatu ya iso kuwa? In har yanzu kana fushi, ba komai, zan ci gaba da rubutowa."

Hayatu ya share ido da yagaggen hannun rigarsa. Sufeto ya danna lambar Idirisu ya miƙa masa wayar, ya ce gara Idirisu ya ji daga bakin wanda ya sani.

"Ranka ya daɗe, da me zan fara?"

"Fara da cewa kullum da safe sai ya tambaya."

Wannan karon wayar ta shiga.