Ranar Da Kamila Ta Fita Daga Kwamiti

Da faɗa suka fara haɗuwa, a ƙofar ɗan asibitin Runka. Kamila nas ce daga Batsari, ta zo cikin kwamitin da aka naɗa ya duba wata shawara: a hana ma'aikatan lafiya na karkara ɗinke rauni, su riƙa tura mutum babban asibiti. Mansur, ma'aikacin lafiyar da ke riƙe da wurin shi kaɗai, ya fito rigarsa duk jinin wani manomi da 'yan bindiga suka sara a gona.

"Ku ne masu cewa in tura shi asibitin Safana? Da wane fetur? Ta wace hanya?"

"Malam, ko sallamata ba ka amsa ba."

"Wa alaikumus salam. To, amsa mini."

Ta harare shi, ya harare ta. Amma ta ga yadda ya koma ya tallafo kan manomin yana ba shi ruwa, abin ya tsaya mata a rai. Ta karɓi lambarsa, wai don aikin kwamiti. Mu dai mun ji.

Kafin kaka ta yi, saƙonnin sun sauya launi.

"Sarkin Fushi, yau abinci ka ci ko fushi?"

"Na ci, 'Yar Kwamiti. Amma ba ya zama sai na ji muryarki."

Mahaifinta, Malam Daudu, tsohon hedimasta, da ya ji labari sai ya hau sama. "Likita na sallama da ke, ki ce mini sai mai allurar ƙauye? A garin da ake kwasar mutane da rana tsaka? Ba da ni ba!"

Likitan kuwa Bashir ne, shi ya kawo shawarar hanin. Abin haushi, mutane na sayar da awaki don kuɗin babur zuwa asibiti, shi kuwa yana cikin ofis yana tsara musu tafiya. Ya tare Kamila ya ce, "Na san tsakaninku. Ki kuskura ki goya masa baya ranar zaman kwamiti, ni kuma in ce saurayinki ne, a watsar da duk bayanin da ya kawo."

Ranar zaman, Mansur ya hau babur tun daga Runka, ya zauna a benci yana jiran a kira shi. Sai ga Kamila ta fito, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta wuce shi ko kallo. Da ya shiga, kujerarta babu kowa. Ya yi bayaninsa cikin takaici, yana fita ya rubuta mata:

"Ashe haka kike? Kin ga jinin mutanena da idonki, ranar magana kika gudu. Ki je ki auri likitanki. Kada ki ƙara kirana."

Ta karanta, ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta amsa: "Tunda haka ka ɗauke ni, na gode." Ita ma fa ba baya ba ce wajen zuciya.

Sati bai cika ba Malam Daudu ya aika a kira Mansur. Ya zo ya durƙusa a zaure yana gaisuwa, tsohon bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Kai ne Mansur? Kai ka sa ɗiyata ta miƙe gaban Alhaji Lawal, shugaban kwamiti, abokina tun muna yara, ta ce, 'Baba, ba zan sa baki a maganar nan ba, don Mansur nake so in aura, a saurare shi ba tare da ni ba'? Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ni!"

Mansur ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe ita ta riga Bashir faɗa, don kada a sami abin da za a ɓata bayaninsa da shi. Ashe kunya ce ta rufe mata fuska. Kwamitin kuwa ya bar wa ma'aikatan karkara ɗinkin, da sharaɗin a ƙara musu horo.

"Maganar ta zaga Batsari kaf," in ji tsohon, yana huci. "Har yanzu raina a ɓace yake. Amma wadda ta zubar da kunyarta don kada manomi ya mutu a kan babur, ba ni zan hana ta ba. Turo magabatanka."

A bakin zauren Mansur ya ciro waya, ya rubuta mata:

"'Yar Kwamiti, na yi wauta. Don Allah ki yafe mini."

Ta bar shi ya sha jira har bayan la'asar.

"Na fita daga kwamiti saboda kai. Nemo wani sunan."

"Amaryata."

"Wannan ya yi, Sarkin Fushi."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, Alhaji Lawal ne waliyyin amarya. Manomin nan ya zo da tabonsa a kafaɗa da kwaryar gyaɗa a hannu, ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo wa Runka nata.