Shiraz da Bangon Ɗaki na Bakwai

A garinmu na bakin teku, a arewacin Tunisiya, da zarar zafi ya fara shigowa kowa sai ya ɗauko bokiti. Lokacin shafen farar ƙasa ya yi ke nan. Duk gidan da bai yi fari fat ba, matan unguwa sai sun yi da mai shi har a gidan wanka.

Shiraz shekararta goma. Bana ne aka fara ba ta buroshi ta riƙe da kanta. Murna kamar ta tashi sama.

Ƙanenta Ziyad ya zane bangon tsakar gida da gawayi. Ya ce wai doki ne.

"Dubi wannan ƙazanta!" in ji Umma. "Rubutu a bango ai aikin marasa tarbiyya ne."

Shiraz ta bi wurin da buroshi sau biyu. Doki ya ɓace.

"Madalla da 'yata!" in ji Umma. "Ashe kin girma."

To, daga nan fa kan Shiraz ya kumbura. Duk bangon da ta gani sai hannunta ya riƙa ƙaiƙayi. Har kyanwar gidan ta daina kwanciya kusa da ita.

Kakanta, Tahar, shi ne mai gadin Karaka. Karaka tsohon gidan yari ne na zamanin Faransawa, can kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. Yanzu ba a kulle kowa a ciki. Baƙi ne ke zuwa kallo. Ita dai Shiraz iyakarta bakin ƙofa, inda take miƙa wa Kaka abinci. Ɗakunan ciki tsoro suke ba ta.

Ranar Asabar ta kai masa kuskus da kifi. Ta same shi ya goge jar hularsa ta dara, ya sa sabuwar riga.

"Kaka, aure za ka ƙara?"

"Ke, 'yar nema! Baƙuwa za mu yi. Wata tsohuwa ce daga kudu, Hajiya Mbarka. Tun asuba take cikin mota. An taɓa tsare mahaifinta a ɗaki na bakwai, shi ne take so ta gani. Zan je tasha in tarye ta."

Ya miƙa mata tsintsiya. "Ki share mini ƙasan ɗakin kawai. Ko tsoro kike ji?"

"Ni? Ko kaɗan!"

Ƙarya take yi, amma ta shiga.

Ɗakin ƙarami ne, da 'yar taga ɗaya can sama. Ta share shi tas. Da idonta ya saba da duhu, sai ta dubi bango. Ta riƙe baki.

An kakkarce shi ko'ina. Ga layuka jere-jere. Ga sunaye. Ga jirgin ruwa, ga kifi, ga wasu abubuwa da ba ta ma gane ba.

"Tab!" ta ce. "Wasu marasa tarbiyya sun riga mu. A haka baƙuwa za ta shigo? Ai Kaka sai ya ji kunya."

Ta ruga gida. Umma tana maƙwabta. Ga sauran farar ƙasa a bokiti, amma 'yar kaɗan ce. Shiraz ta ƙara mata ruwa don ta isa.

A hanya zuciyarta ta ce mata, "Ki jira Kaka ki tambaye shi." Sai ta ce a'a. In ta tambaya, ina abin mamakin?

Ta fara daga bangon da ke kusa da ƙofa. Ta shafa tun daga ƙasa har iya inda hannunta ya kai. Tana yi tana waƙa. Tana gamawa ta ji ƙarar makullan Kaka da ƙwas-ƙwas ɗin sanda.

Hajiya Mbarka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma muryarta ta cika wurin. "Kusa da ƙofa yake, ƙasa-ƙasa," take cewa. "Babana ya ce a zaune ya yi shi, don da sarƙa a ƙafarsa."

Shiraz ta tare ƙofa, duk jikinta fari. "Kaka, rufe idonka! To, buɗe!"

Kaka ya buɗe ido. Makullai suka faɗi daga hannunsa.

"Innalillahi! Shiraz, me kika yi?"

"Ƙazantar na rufe. Bai yi kyau ba?"

Kaka bai yi tsawa ba. Ya dai zauna a bakin ƙofa. Da ya yi tsawar ma, da ya fi mata sauƙi.

"Jikata, wannan ba ƙazanta ba ce," ya ce. "Mutanen da aka kulle a nan ba su da takarda, ba su da alƙalami. Da ƙusa suka yi rubutu, wasu da gawayi. Kowane layi kwana ɗaya ne. Abin da suka bari ke nan. Shi nake gadi."

Hajiya Mbarka ta tsaya tana kallon farin bangon.

"Shekarata huɗu aka kama babana," ta ce a hankali. "Ya ƙi bar wa Faransawa gonarsa. Da ya dawo, ya ce mini ya zana dabino biyu a nan. Babba shi ne, ƙarami ni ce. Kullum da safe sai ya gaishe da ƙaramin. Yau shekarata tamanin. Na ce bari in zo in gani kafin idona ya tafi."

Shiraz ta fashe da kuka.

"Ni na yi, Hajiya. Ba wanda ya sa ni. Kaka shara kawai ya ce in yi."

Ta rarumi wani dutse za ta kankare bangon.

"Ajiye!" Hajiya ta daka mata tsawa. "In kin kankare, kin tafi da shi gaba ɗaya."

Tsohuwa ta matso, ta dangwala yatsa a bango. Ta murza, ta sansana.

"Yaushe kika shafa?"

"Yanzun nan."

"Bai kama ba tukuna. Ni na fi shekara sittin ina shafe. Malam Tahar, tashi, ba lokacin zama ba ne! A kawo ruwan famfo, ba na teku ba. Da soso mai laushi."

Kaka ya buga wa Malama Sundus waya. Ita ce mai kula da tsofaffin gine-ginen yankin. Ta ce maganar tsohuwa daidai ce. Ruwa kawai, kuma kada a goga. Ta ce tana nan tafe.

Shiraz ta ruga wurin masunta. Suka ba ta soson teku har guda biyar. Aka fara aiki. A jiƙa soso, a ɗora, a ɗaga, a matse. Hajiya ta zauna a kujerar Kaka tana ba da umarni da sanda.

"A hankali, yarinya! Ba tukunya kike wankewa ba."

Can ta sake duba bangon, ta yi tsaki.

"Wa ya koya miki dama farar ƙasa? Wannan ai ruwa ne tsararo. A garinmu da an yi miki dariya har shekara."

"Ruwa na ƙara don ta isa," in ji Shiraz, kanta a ƙasa.

"To, mun gode wa Allah da ba ki iya ba! Da gwana ce ta yi, da tuni mun koma gida."

Kaka ya yi dariya har dararsa ta karkace. Shiraz ma ta ɗan murmusa cikin hawaye.

Layuka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sai jirgin ruwa. Sai kifi. Dabino kam shiru. Hannun Shiraz ya yi tsami, bayanta ya ƙage, amma ba ta tsaya ba.

Malama Sundus ta iso da 'yar fitila. Ta haska bangon tun daga sama har ƙasa.

"Na ƙusa za su dawo," ta ce. "Amma akwai sunaye biyu a nan da aka rubuta da gawayi. Waɗannan sun tafi. Sa'armu ɗaya, muna da hotonsu." Ta dubi Shiraz. "Duk Asabar za ki zo ki taya ni, har bangon nan ya koma yadda yake. Kin yarda?"

"Na yarda, Malama. Ki yi haƙuri."

Saura wuri ɗaya, can ƙasa, dab da ƙofa. Shiraz ta durƙusa. Ta ɗora soso, ta ɗaga. Ta sake ɗorawa, ta ɗaga.

Sai ga ganye. Sai ga doguwar sanda a ƙarƙashinsa. A gefe kuma ga wani ɗan guntu, a karkace, kansa ya jingina da babban.

"Hajiya! Hajiya, zo ki gani!"

Tsohuwa ta yar da sandarta. Kaka ya riƙe ta har ta kai gwiwa ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Sai kuma ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ga ni nan!" ta ce. "Ku dube ni, a karkace! Allah sarki, Baba, ashe ba ka iya zane ba."

Ta jawo Shiraz jikinta, ba ta damu da farar ƙasar da ta ɓata mata zane ba.

"Kin rufe mini shi, kuma ke kika buɗe mini. Na yafe miki, 'yata."

A ranar Shiraz ta koyi darasi. Ba duk tsohon abu ne ƙazanta ba. Kuma komai kyan niyyarka, kada ka taɓa abin da ba ka san labarinsa ba sai ka tambaya.

Hajiya Mbarka ta share hawayenta. Ta gyara zama a gaban bangon, ta dubi babban dabinon.

"Barka da yamma, Baba," ta ce. "Na zo."