Ruwan Wanke Salati

Ranar da Zuliha ta fara ganin Maidawa, yana tsaye ne a ƙofar bayan gidan Kumandan na Maraɗi, da kwando a ka, ƙafafunsa duk laka. Daga Jiratawa yake. Nasara ne suka raba wa masu lambun bakin gulbi iri, suka ce dole a shuka, dole kuma a kawo musu kowace safiya. Ya sauke kwandon, ta yaye buhun da ya rufe shi, sai ga salati da karoti da gurji da tumatir, da sauran raɓa a jikinsu. Ta ɗaga kai za ta yi magana, ta tarar ita yake kallo. Ba ta kawar da ido ba. Shi ne ya sunkuyar da kai.

Zuliha ɗiyar Maliki maɗinki ce. Tana ƙarama aka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara, masu hali suka ɓoye nasu, aka kama ta. Ta fito da Faransanci a baki da karatu a ka, amma gari bai yafe mata ba. 'Yan mata suka janye jiki, samari kuwa ba mai tsayawa ƙofar gidansu. Matar Kumandan, wadda kowa ke kira Madam, ta ɗauke ta aiki a ɗakin girki. Wuta da nama na Idirisa kuku ne. Nata aikin shi ne farantin da ake fara kai wa baƙi in ana liyafa: ɗanyun kayan lambu, da kwanon abin tsomawa a tsakiya.

Takan shimfiɗa salati a ƙasa, ta yanka karoti dogo-dogo, ta fere gurji, ta rarraba tumatir, ta jera su yadda ja ba zai zauna kusa da ja ba. Sannan ta ɗauki gwaiduwar ƙwai, tana ɗiga man gyaɗa kaɗan-kaɗan tana kaɗawa har hannunta ya ƙage, ta matsa lemun tsami, ta sa gishiri. Mayonez suke ce masa.

Maidawa yakan jingina da ƙofa wai yana jiran kwandonsa. Wata rana ya ce a garinsu akuya kaɗai ke cin ganye ba a dafa ba. Ta tsoma karoti ta miƙa masa. Ya tauna a hankali, ya ce ba laifi, amma da ƙuli-ƙuli da barkono aka sa da ya fi. Ta yi dariya, karo na farko tun da ta shiga gidan.

Ɗiyar lakwal, sunan da gari ke zaginta da shi, shi ne ya zama mai daɗi a bakinsa. Ita kuma tana ce masa Na Gulbi.

Tun da ya fara shigowa gari Maidawa yake salla, amma ubansa Rabo har yanzu yana yanka wa Uwar Gona, iskar da kakanninsa suka bauta wa, don haka a idon mutanen Maraɗi ɗan Arna ne. Da zancen soyayyarsu ya kai kunnen Maliki, bai ɗaga murya ba. Ya ce Nasara sun ƙwace masa ɗiya sau ɗaya yana kallo, ba zai miƙa ta ga Arna da hannunsa ba. Zuliha ta durƙusa ta saurara har ya gama, amma ba ta ce ta bari ba.

Akwai wani aiki da Maidawa bai taɓa gani ba, don a bayan ɗaki ake yin sa. Kafin ta yanka komai, sai ta jefa wasu ƙwayoyi da likita ke bayarwa cikin kwatarniya, ruwan ya rine ya koma ja mai shuni, ta jiƙa kayan lambun a ciki. Cikin Nasara ba ya ɗaukar ruwan gulbi. Wata safiya Maidawa ya zagaya nemanta, ya ga salatinsa na yawo a cikin jan ruwa. Ya tarar da Idirisa a wurin, wanda ya taɓa neman Zuliha ta ƙi shi. Ya tambaye shi mene ne wannan.

"Ruwan wanke dauɗar Arna ne," in ji Idirisa. "Ita ta ce ba ta yanka abin da hannunka ya taɓa sai an tsarkake shi."

Daga ranar Maidawa ya daina jiran kwando. Yakan ajiye kaya wurin gardin ƙofa ya juya. Zuliha ta ga haka, ta ƙi tambaya. Mutane sun sha guje mata tun tana yarinya, ba ta taɓa bin kowa tana roƙo ba. Sai ranar liyafar sabuwar shekarar Nasara ta kasa daurewa, ta tare shi a ƙofa, ta ce ya faɗa mata laifinta. Ya faɗa mata abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

"In hannuna ƙazanta ne, Zuliha, to ni duka fa?"

Tana iya yi masa bayani da baki, amma zuciyarta ta riga ta hau. Ta zaro karoti daga kwandon, da ƙasarsa da komai, ta goga a zane ta ci a gabansa. Ta ja shi bayan ɗaki, ta tuntsurar da kwatarniyar, jan ruwan ya bi ƙasa.

"Yau Kumandan da baƙinsa za su ci abin hannunka yadda ya fito daga gulbi."

Da ruwan randa ta ɗauraye kayan. Ba ta taɓa jera faranti mai kyan na ranar ba, baƙi kuma suka cinye shi tas.

Ba a jima ba gudawa ta kwantar da Madam da wasu daga cikin baƙin. Aka ce mai lambu ne ya sa wani abu. Gardawa suka je Jiratawa, suka ɗaure Maidawa da igiya, suka jawo shi a bayan doki har Maraɗi. A wancan zamani Kumandan ba ya bukatar shari'a kafin ya ɗaure mutum.

Zuliha ta shiga ofishinsa ba tare da an kira ta ba. Ta tsaya a tsaye, ta gaya masa da harshensa cewa ita ce ba ta sa maganin ba, mai lambu bai yi komai ba. Kumandan ya saurare ta, ya ce Faransancinta na da kyau, ya sa aka kai ta gidan kaso. Bai saki Maidawa ba. Ya ce ana neman hannaye a aikin hanyar Tibiri, aka haɗa shi da masu fasa dutse.

Ta fito kaso a rame, an aske mata kai saboda ƙwarƙwata. Mata na leƙenta ta kan katanga. Ba ta zauna gida tana kuka ba, ta kama hanyar Jiratawa. Ta tarar da lambun ya fara bushewa, don Rabo ya tsufa ba ya iya jan ruwa da jigo. Dada, uwar Maidawa, ta dube ta ta ce ita ce ta kashe musu gida, ta koma ɗaki. Zuliha ta ɗaure zane, ta kama jigon.

Haka ta yi ta yi kullum, ta zo da sassafe, ta koma da yamma. Tafin hannunta ya tsattsage, ya warke, ya sake tsagewa. In ta samu dama sai ta dama fura ta kai hanyar Tibiri, ta roƙi gardi ya bar su su gaisa.

"Ɗiyar lakwal, me ya kai ki zubar da ruwan nan?" ya tambaye ta wata rana, yana riƙe da ƙwaryar.

"Fushi."

"Da kin faɗa mini da baki."

"Da ka yarda, Na Gulbi?"

"Da ban yarda ba," in ji shi. "Ki gafarce ni."

"Ni na sa aka ɗaure ka. Sha furarka."

An sako Maidawa lokacin da zafi ya shigo, yana ɗingishi, don dutse ya faɗa masa a ƙafa kuma ba ta koma daidai ba. Ya tarar da lambunsa kore.

A satin ne Maliki ya zo Jiratawa da niyyar ya ja ɗiyarsa gida, don maganar gari ta ishe shi. Ya tarar da ita a bakin rijiya, Maidawa na zaune yana gyara kwamin shuka don ba ya iya tsayuwa. Rabo ya fito da sanda ya gaishe shi, ya ce ɗiyarsa ce, in ya tafi da ita ba mai hana shi, amma ya sani ita ta ciyar da gidan nan. Maliki ya kama hannun Zuliha ya juya shi, ya daɗe yana duban tafin.

"Ɗauki mayafinki mu tafi," in ji shi.

"Baba, gobe zan dawo."

"Na sani. Amma daga gidana za a ɗauko ki, ba daga bakin rijiya ba." Ya juya ga Rabo. "Ku turo manyanku."

Wurin ɗaurin auren bai cika ba. Maƙwabta da yawa sun ƙi zuwa, dangin ango kuma suka tsaya daga waje har aka shafa Fatiha. Maliki ya yi musu addu'a, ya ce Allah ya sa wahalar da suka sha ita ce ta ƙarshe. Da aka kai amarya Jiratawa, Dada da kanta ta tarye ta a ƙofa, ta ɗora mata hannu a kan gashin da bai gama tsirowa ba.

"Shigo, ɗiyata," in ji ta. "Ki tsufa a gidan nan, ki ga jikokinki."