Ƙofar Farko

Rana na shirin faɗuwa Lorna ta fito daga kanti, ledar madara da burodi a hannu ɗaya, ɗanta Toby a ɗaya hannun. Ƙarshen Oktoba ne, daren Halowin, bikin da yara ke yawon neman alewa. Yaran unguwa sun fara fitowa cikin shigar mayu da fatalwowi, suna bin gida-gida da ihun "Alewa ko ɓarna!" Kowace ƙofa da fafaffiyar kabewa, kyandir na ci a cikinta. Ko'ina ƙaurin kabewa da ƙamshin busasshen ganye.

"Mama, mu fa?" in ji Toby. Shekararsa huɗu.

"Bana muna gida, ɗan lelena. Babanka ma yana kan hanya da babbar mota, sai jibi."

Da suka shiga gida ta kashe fitilar baranda. Ko yaron goye a garin ya san gidan da fitilarsa ke kashe ba a buga masa ƙofa.

Bara war haka gidan nan cike yake da dariya. Lorna da kanta ta ƙirƙiro musu wasan, har tana yi wa maƙwabta alfahari da shi. 'Yarta Hattie za ta lulluɓa da farin zanen gado mai huda biyu, ta sulale ta ƙofar baya, ta zagayo ta buga ta gaba. Gidansu ne ƙofar farko. Lorna ta buɗe, ta dafe ƙirji, ta yi ta cankar sunayen 'ya'yan maƙwabta, fatalwar na girgiza kai tana ƙyalƙyala dariya. Sai Lorna ta ce "Hattie ce!" sannan ta damƙa mata hannun Toby. "Ga ƙaninki nan, amana." Su tafi yawon alewa.

A watan Maris ƙanƙarar da ta daskare a saman tafkin garin ta fashe da Hattie, ta nutse ta rasu. Shekararta tara.

Duhu bai gama rufawa ba aka buga ƙofa.

A ƙasa-ƙasa, daidai tsawon hannun yaro.

Lorna ta tsaya da kofi a hannu. Wataƙila baƙi ne a unguwar, ba su san ƙa'ida ba. Sai ta lura hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Ba ihu, ba mota. Sai ɗigar ruwa a kan katakon baranda. Ɗis. Ɗis.

Wani wari ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Taɓo da gansakuka.

"Toby, kar ka..."

Ya riga ya buɗe.

Farin zane mai huda biyu, jiƙe sharkaf, ya manne da ɗan ƙaramin jiki. Bakin zanen ɗinkin zare rawaya, karkatacce. Ɗinkinta ne. Ita ta ninke zanen nan da hannunta ta sa a akwati a saman rufi. A ƙasa, jajayen takalman roba. Su ne ba a samu ba ranar da aka ciro ta.

"Alewa ko ɓarna," in ji muryar, can ƙasa, kamar mai magana da ruwa a baki.

Fuskar Toby ta washe. "Mama, ai Ha..."

Ta toshe masa baki da tafinta.

Hannu ya fito daga ƙarƙashin zanen, fari fat, yatsun duk sun yamushe. Ba jaka, ba kwando. Ba alewa yake jira ba. Wajen Toby ya miƙo.

"Canka, Mama."

Wata bakwai Lorna tana roƙon ta ƙara jin muryar nan ko sau ɗaya.

"Ke ce... Josie ta gidan Kowalski?"

Zanen ya girgiza kai. 'Yar dariya ta fito, da kumfa.

"Ko Bernadette?"

"Kai, Mama! Kin fa sani."

Ta sani. Sunan ya taso mata har maƙogwaro, yana neman fita da kansa. Ta kuma san abin da ke biyo bayan sunan, don ita ta tsara shi.

Toby yana ta mutsu-mutsu. Ya zame hannu ɗaya ya miƙa. Yatsun nan suka kama bakin hannun rigarsa.

"Akwai sanyi can, Mama. Ba kowa. Ki faɗa mana, mu tafi. Zan riƙe shi da kyau."

Rigar ta fara jiƙewa, ruwan na hawa zuwa kafaɗarsa. Numfashin yaron ya koma tururi.

Lorna ta dubi hudar nan biyu. Da ma duhu ta gani a ciki, da ya zo mata da sauƙi. Idanun 'yarta ne, cike da ɗoki.

"Ban san ki ba," ta ce.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

"Mama?"

"Ban san ki ba, yarinya. Kin ɓata gida. Ni ba ni da 'ya mace."

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Ta fizgo Toby, ta banko ƙofa, ta jingina bayanta da ita.

Ba a sake bugawa ba. Da ma an buga. Kuka ta ji, irin mai shessheƙar nan da Hattie ke yi in an yi mata faɗa ba da laifinta ba. Kukan ya sauka daga baranda. Ya bi titi a hankali, ya yi gangaren tafki, har ya ɓace.

Lorna ta cusa fuskarta a gashin Toby, ta ciji leɓe don kada ta ƙwala kiran sunan.

Da safe ta tarar da gansakuka a bakin ƙofa. Hannun Toby ya yi mako yana sanyi kamar ƙarfe. Kafin hunturu ya shigo suka tashi daga garin, suka koma inda ba tafki ko rafi.

Toby ya warke sumul. Amma wata rana tana ɗaura masa igiyar takalmi ya tsura mata ido.

"Mama, in ni na dawo a jiƙe, ni ma za ki ce ba ki san ni ba?"

Lorna ta jawo shi ƙirjinta ta ƙanƙame, har ya ce tana ji masa ciwo.