Injin Bayan Gidan Baba Vincent

Har yau Regina ba ta da shekarun da take kewa kamar na zamanta a Anka, lokacin da mutum kan hau babur ya je Bagega ya dawo ba tare da fargaba ba. Ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar Kafanchan. Duk Lahadi bayan sujada, saurayinta Nathaniel, malamin firamare, kan ɗauke ta zuwa gidan iyayensa a Bagega. Mahaifiyarsa, Mama Doris, ta dafa mata gwate da yakuwa, maƙwabciyarsu Hajara ta miƙo fura ta kan katanga, a yi ta hira har la'asar. An ma sa ranar aure.

A shekarar ne gubar dalma ta shiga kashe yara, saboda dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Aka sa Regina cikin masu bi gida gida suna tambayar inda ake niƙa, don a kankare ƙasar.

Wata Lahadi ta zagaya bayan gida wanke hannu, sai ta ga injin niƙa a ɓoye cikin zana. Na Baba Vincent ne, mahaifin Nathaniel. Ga Bilki, 'yar autar Hajara, zaune cikin ƙurar tana tsotsar yatsu.

Mama Doris ta biyo ta, ta kama hannunta.

"'Yata, gobe in kun zo, ki ce ba a niƙa a nan. Mu baƙi ne a garin nan. Za a ce mu muka kashe 'ya'yan mutane."

"Mama, ƙasar nan fa Bilki ke ci. Yaya zan yi ƙarya ran Litinin, in zo coci ran Lahadi in karɓi jibin Ubangiji?"

"To ki zaɓa, ko bakinki ko aurenki."

A hanyar komawa Nathaniel ya tsai da babur.

"Don Allah, Regina, ki bari a ɗaura auren tukuna. Ni zan lallaɓa Baba."

"In yarinyar ta mutu kafin nan fa, Nat? Da wane ido zan dubi Hajara?"

Ya tada babur, suka wuce.

Washegari ta fara durƙusawa gaban Baba Vincent, ta roƙe shi ya faɗa da bakinsa. Ya juya mata baya. Da abokan aikinta suka iso, ta kai su wurin tana hawaye. Aka ɗauke injin, aka kankare ƙasa, aka kai Bilki asibiti a Anka. Mutane suka ƙaurace wa shagon Baba Vincent. Shi kuwa ya aika wa iyayenta a Kafanchan cewa an fasa auren.

Regina ta nemi canjin aiki zuwa Gummi. Ta sha kuka, ta rame, amma ko sau ɗaya zuciyarta ba ta tuhume ta ba. Nathaniel bai bijire wa iyayensa ba, sai dai duk yarinyar da aka nuna masa yakan ce, "Mama, ki yi haƙuri."

Damina ta wuce, wata ta zo. Ran nan Hajara ta shigo gidan Baba Vincent, Bilki na biye da ita da gudu.

"Maman Nathaniel, wai ina ɗiyar ga taku Regina? Likita ya ce da an ƙara jinkiri da na rasa Bilki. Mi ta yi muku in ba gaskiya ba? Ni da ɗana za ta aura, da na gode Allah."

Mama Doris ta dubi yarinyar, idonta ya cika. Baba Vincent na daga ɗaki yana ji. Can ya fito ya ce, "Doris, ki shirya mu je Gummi."

A ƙofar asibiti suka same ta. Za ta durƙusa, tsohon ya riƙe ta.

"Tashi, 'yata. Kin hana ni ɗaukar alhakin rai ina ji ina gani, ni kuma na saka miki da kora. Ki yafe mana."

"Baba, tuni na yafe."

A Anka aka ɗaura auren, matan Zumuntar Mata ta coci na kaɗa tulu suna waƙa. Yau 'ya'yansu sun tasa, Regina kan gaya musu cewa tsabtataccen lamiri yakan sa mutum kuka na ɗan lokaci, amma wanda ya riƙe shi ya yi haƙuri, Ubangiji ba ya barin sa ya kunyata.